Ruwan da ya wuce Tamburawa yana da masu jira

Duk wanda ya saba bin hanyar Kano zuwa Zariya ya san gadar Tamburawa. Mota kan haye ta cikin daƙiƙa kaɗan, fasinja bai ko ɗaga kai daga wayarsa ba. A ƙasa kuwa ga tifofi ana loda musu yashi, ga masu wanki sun shanya kaya a kan rairayi, ga jan ruwa yana tafiya a hankali kamar ba shi da inda za shi. Ba nisa da nan Kogin Challawa da Kogin Kano suke haɗuwa su zama ɗaya. Da yawa daga cikinmu mutanen Kano, saninmu da wannan ruwa a nan ya tsaya. Mun san daga nan ake tace wanda ke zuwa famfunanmu, in ya zo, mun kuma san ana noman rani da shi a Kura da Kadawa. Inda ya nufa bayan nan, da waɗanda ke jiransa, ba mu cika tambaya ba.

Ni haifaffen Kano ne, amma mahaifiyata 'yar ƙasar Guri ce, can gabashin Jigawa, don haka tun ina yaro nake ganin kogin nan ta kai da ta wutsiya. Abin da nake so in faɗa bai da wuyar ganewa: kogin ɗaya ne tun daga duwatsun Filato har Tafkin Chadi, mu na sama mun riƙe masa wuya shekara hamsin ke nan, kuma yadda muke sakinsa yana cutar da na ƙasa. Har sai an gyara wannan, ba daidai ba ne a sake datse wani reshe nasa.

Bari in fara da hanyar da yake bi, domin yawan sunayensa na cikin abin da ke ɓoye mana cewa ɗaya ne. Kogin Kano daga tuddan kudu yake gangarowa, gefen tsaunukan Jos, ya ratso kudancin jihar Kano ya faɗa madatsar Tiga. Challawa kuwa daga yamma yake fitowa, a datse shi a ƙasar Ƙaraye, ya karɓi ruwan Watari a hanya. Bayan sun haɗu, mutanen Wudil su ce Kogin Wudil. Ya wuce ta Ringim, ya nufi Auyo da Haɗeja, a nan ya ɗauki sunan da ke cikin taswira, Kogin Haɗeja. A kudu da shi akwai ɗan'uwansa da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da shi, shi ma daga Filato: a sama ana ce masa Bunga, ya ratsa ƙasar Ningi, ya zama Kogin Jama'are, ya bi ta ƙasar Katagum. Su biyun suna haɗuwa ne dab da Gashuwa, daga nan sunan ya koma Yobe, ko Komadugu Yobe kamar yadda Barebari ke faɗa. Ya wuce Gaidam, kusa da kufan Birnin Ngazargamu wanda ya yi sama da shekara ɗari uku yana hedikwatar daular Borno. Wajen Damasak Komadugu Gana, wanda ya biyo ta Misau, ya zuba a cikinsa. A ƙarshen tafiyarsa shi ne iyakar Nijeriya da Nijar, Diffa tana bakinsa, har ya shiga Tafkin Chadi tsakanin Bosso da Malam Fatori.

Wurin da ya fi cancantar a tsaya shi ne tsakiya. A ƙasar Kano kogin a kan dutse yake gudu, ruwan sama na gangarowa cikinsa daga ko'ina. Da ya shiga Jigawa sai ƙasa ta canza. Ba dutse, sai yashi mai zurfi da filin da ya kwanta shamal, da tsofaffin tuddan rairayi jere da juna, irin jigawar da jihar ta samo sunanta daga gare ta. A nan kogin ba ya ƙara samun ruwa, rabar da shi yake yi. Bayan Haɗeja sai ya tsage: ga tsohon kogin Haɗeja da ke nufar Gashuwa, ga Burum Gana, ga Marma da ke zuba a tafkin Nguru, ga kuma reshen Kafin Hausa da ya balle tun daga sama. Da can, in damina ta yi nisa, wajen watan Agusta zuwa Satumba, ruwa kan haura gaɓa ya malale a fadamu. A shekaru masu kyau kafin a gina madatsu, faɗin abin da yake rufewa kan haura murabba'in kilomita 2,000. Wannan malala ita ce dukiyar yankin gaba ɗaya. Kifi ya bi ta ya yi ƙwai a cikin ciyawa, shinkafa ta tashi da ita, in ta fara janyewa a bi danshinta da wake da alkama da kayan lambu, Fulani su sauko da shanu su ci ɗanyar ciyawa a tsakiyar rani. Abin da ya nutse cikin yashi kuwa shi ke cika rijiyoyin garuruwan da ko ganin kogin ba sa yi. Fili ɗaya, masunci da manomi da makiyayi kowa ya ci rabonsa a lokacinsa, saboda ruwan yana da lokacin zuwa da lokacin tafiya.

Wannan lokacin shi muka ɓata.

An kammala madatsar Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ana tsakiyar farin da ya kashe dabbobi ya kori mutane daga garuruwansu a faɗin Sahel. Wanda ya ga wannan fari ba zai zargi mutumin da ya ce a tara ruwa ba, ni ma ban zarge shi ba. A 1992 aka gama ta Challawa. Su biyun suna riƙe da wajen kashi 80 cikin ɗari na ruwan da ke shiga Kogin Haɗeja. Amfaninsu a fili yake. Birnin Kano da miliyoyin mutanensa da su yake sha. Shinkafar Kura, tumatirin da ake lodawa a Kwanar Gafan zuwa kudu, albasa da masarar Bunkure da Garun Malam, duk albarkar Tiga ce. A Auyo ma an yi wata katangar tare ruwa don noman rani na kwarin Haɗeja. Iyalai dubbai sun yi rufin kwano, sun aurar da 'ya'ya, sun je Makka da wannan ruwa. Ni kaina da shi aka yi mini wanka ina jariri, da shi na yi na makaranta. Ba na cikin masu cewa da ba a gina ba ya fi.

Sai dai madatsa tana juya shekarar kogi ne kai a ƙasa. Da damina, lokacin da ya kamata ya cika ya tumbatsa, sai a tare shi. Da rani, lokacin da ya saba bushewa har yara su yi ƙwallo a cikinsa, sai a riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan ba yankewa saboda famfunan birni da gonakin rani. Wanda ke Kano zai ce ai wannan alheri ne, kogi ba ya ƙafewa. A ƙasar Guri da Kirikasamma da Nguru kuwa wannan shi ne mafarin masifa. Babu babban ruwan da zai share laka daga bakin rassan, sai ta yi ta taruwa. Babu bushewar da za ta kashe ciyawar ruwa, sai kachala ta samu gida. Kachala tana son ruwa marar zurfi wanda ba ya tafiya, shi kuwa muka ba ta. Ta toshe tsohon kogin Haɗeja, ta shaƙe Burum Gana, sai ruwan ya rasa hanya ya karkata Marma ya kwanta a can. Shi ya sa za ka tarar da ƙauye biyu, tsakaninsu tafiyar rabin yini a ƙasa, ɗaya gonakinsa sun shekara goma a ƙarƙashin ruwa, ɗayan kuma fadamarsa ta zama fako.

Na ga abin da idona a garin su mahaifiyata. Wata shekara da rani na tarar an yi gayyar yankan kachala. Maza wajen arba'in, tun daga masu furfura har samari, sun shiga ruwa iya ƙirji da lauje da adda. Ciyawar ta fi tsayin mutum biyu in an ɗora, kaifin ganyenta na tsaga hannu, kuma dole sai an nutsa an yanke ta a ƙarƙashin ruwa, in ba haka ba mako biyu ta sake tofowa. Mata na bakin gaɓa da kunu a bokitai. Kawuna ya fito yana ɓamɓare matsattsaku daga ƙwaurinsa, jini na bin ƙafar, ya nuna mini wani wuri da bakin lauje.

"Ɗan nan, ka ga can inda farin tsuntsun nan ya sauka? Gonar kakanka ce. Buhu talatin muke ɗauka a nan."

Na ce, "Kawu, yanzu fa?"

Ya ce, "Yanzu ta jan-baki ce."

Gaskiya ya faɗa. Kachala ita ce makwancin jan-baki. Da asuba sukan tashi kamar hayaƙi su sauka a kan ɗan abin da ya rage na shinkafa da gero, yara su wuni suna kaɗa gwangwani suna ihu maimakon su tafi makaranta. Ga sauro, ga tsargiya da ke sa yaro fitsarin jini. Kwalekwale ba ya ratsa ta, koma ba ta shiga. Hanyar da suka buɗe a wannan gayya, faɗinta bai wuce na mota ɗaya ba, kuma kafin shekara ta zagayo ta rufe. Har yau in na tuna da hannayen mutanen nan sai in ji wani abu ya tokare mini ƙirji, domin ba lalaci ya same su ba, ba kuma fari ba. Wani ne a nesa ya murɗa ƙarfe, rayuwarsu ta canza.

Wani zai ce, to ai ambaliya ake kuka da ita a Jigawa, ba rashin ruwa ba. Haka ne, a 2020 da 2022 ruwa ya ci gidaje da gonaki da rayuka a Ringim da Auyo da Miga da Haɗeja da Kafin Hausa. Amma ciwon ɗaya ne. Kogin da cikinsa ya cika da laka da ciyawa ba ya iya ɗaukar babban ruwa in ya zo. In aka yi damina mai ƙarfi madatsu suka cika suka fara amai, ruwan sai ya bar hanyarsa ya bi gari. Malalar da, wadda ake jira ana shiri dominta, daban take da wannan da ke zuwa cikin dare ta tarar da mutane suna barci.

Tun farkon shekarun 1990 masu bincike suka zauna suka yi lissafi: in aka ɗauki ruwa gwargwado guda, aka kwatanta abin da yake samarwa a fadamun Haɗeja da Nguru, wato kifi da hatsi da itace, da abin da yake samarwa a babban aikin noman rani na Kano, na fadama ya fi nesa ba kusa ba. Ba su ma sa kiwo da cika rijiyoyi a ciki ba. Dalilin bai da wuyar fahimta. Ruwan fadama ba ya buƙatar siminti ko ma'aikaci, kuma sau uku ake cin moriyarsa. Na madatsa kuwa rana na shan wani a tafki, wani ya zurare a magudanan da suka tsage, wani manomi ya cika gonarsa har ta yi iyo saboda ba a auna masa. Matsalar ita ce tumatirin Kadawa ana ganinsa a tirela, ana iya kai baƙo ya ɗauki hoto. Bandar kifin da wata tsohuwa ta sayar a kasuwar Nguru, da madarar da Bafulatana ta samu a watan Maris, ba sa shiga littafin kowa.

Akwai kuma abin da ya canza a siyasa wanda ba a cika lura da shi ba. Ranar da aka buɗe Tiga, Kano da Haɗeja jiha ɗaya ce, gwamna ɗaya ke jin kukan duka biyun. A 1991 aka cire Jigawa daga Kano, aka cire Yobe daga Borno. Yau kogin ya ratsa jihohi shida da ƙasa biyu, kowane gwamna kuma gutsuren da ke gabansa yake gani. Ba wai ba a taɓa zama ba. Tun 1976 aka kafa hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are. A 1990 Nijeriya da Nijar suka sa hannu a Maiduguri kan raba ruwan da suka yi tarayya a kai, har da ƙarshen Komadugu Yobe. A 2006 gwamnonin Bauchi da Borno da Jigawa da Kano da Filato da Yobe suka haɗu a Damaturu suka kafa asusu na musamman don kula da kogin. Tafkin Nguru da Marma suna cikin jerin dausayoyin duniya da ake karewa tun 2000. A Dagona, inda tsuntsaye ke sauka daga Turai da hunturu, har Yarima Philip na Ingila ya zo a 1989. An kawo injunan yankan ciyawa, an yashe wasu wurare, kuma inda aka yi mutane sun ga sauƙi. Takarda dai ba mu rasa ba. Abin da aka rasa shi ne a taɓa tushen, wato yaushe za a saki ruwa, nawa za a saki, wa kuma za a tambaya kafin a saka.

A nan nake ganin addininmu ya riga ya raba mana gardama. Ya tabbata cewa Zubairu ɗan Awwam, Allah ya ƙara masa yarda, ya yi jayayya da wani mutumin Madina a kan wata ƙorama da suke ban-ruwan dabino da ita. Gonar Zubairu ce a sama. Hukuncin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi ne na sama ya shayar da gonarsa, sannan ya saki ruwan ga maƙwabcinsa. Na sama yana da haƙƙin fara sha, ba wanda ya hana Kano wannan. Amma haƙƙin yana da iyaka, kuma sakin wajibi ne, ba alfarma ba. Sakin da zai amfani maƙwabci ake nufi, ba wanda zai ruɓar masa da gona ba.

Saboda haka ina ganin lokaci ya yi da za a sa fadama cikin masu rabo, kamar yadda aka sa famfon Kano da gonakin Kura. A ware mata ruwanta da damina, a sake shi da ƙarfi a lokacin da Jama'are ma ya cika, yadda zai share rassan ya hau inda ya saba hawa. Da rani kuma a samu makonnin da za a rage saki sosai, rassan su sha iska, a ƙone kachala, a kwashe laka. Na san wannan zai taɓa masu injin ban-ruwa da suka jeru a bakin kogi daga Wudil har Haɗeja, waɗanda suka gina rayuwarsu a kan ruwan rani, kuma ba ƙaramin abu ba ne a ce wa mutum ya gyara lokacin shukarsa. Shi ya sa ba a ofis kaɗai za a yanke ba. Sarkin ruwa da sarkin noma da arɗo su zauna a teburin, daga Ƙaraye har Gaidam. In an tsayar da jadawali a karanta shi a rediyo da Hausa da Fulatanci da Badanci da Barbarci, kowa ya san ranar da ruwa zai iso garinsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma mutanen nan sun san kowace ƙorama da sunanta.

Sai maganar madatsar Kafin Zaki, wadda ita ce ta sa ni ɗaukar alƙalami. Tun shekarun 1970 ake son datse Kogin Bunga a ƙasar Ningi, an fara an tsaya ba sau ɗaya ba, kuma duk bayan 'yan shekaru sai maganar ta sake tasowa. A yadda aka zana ta, ta fi Tiga ɗaukar ruwa. Ina jin mutanen Bauchi in suka ce, Kano ta datse nata ta ci moriya, don me mu za a hana mu? Tambaya ce mai nauyi, kuma ba Bakano ne ya fi cancanta ya amsa ta ba. Amma ga halin da ake ciki: tunda rassan Haɗeja suka toshe, kusan duk ruwan da ke isa Gashuwa na Jama'are ne. Shi kaɗai ya rage yana cika da damina ya sauka da rani yadda Allah ya tsara shi. Da shi Badawa ke kamun kifi, da shi ake shinkafa a Gaidam, da shi manoman Diffa ke noman jan tattasan da ya yi suna har kasuwanninmu, mutanen da rikicin Boko Haram ya riga ya ɗaiɗaita, suna ta ƙoƙarin komawa bakin koginsu. Kason Yobe a ruwan Tafkin Chadi kaɗan ne in aka gwada da na kogunan Shari da Logon, amma shi ne kogin da ke zuba a ɓangaren arewa na tafkin, wanda ya fi saurin ƙafewa. In aka yi wa Jama'are abin da aka yi wa Haɗeja, ba sauran na uku. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. A fara nuna cewa za a iya tafiyar da Tiga da Challawa ba tare da an kashe fadama ba, a yi shekaru ana gani, sannan a zauna maganar wata madatsa. Kafin nan Bauchi tana da fadamunta da za a iya tallafa wa da rijiyoyi da ƙananan injuna, kuma haƙƙin gwamnatin tarayya ne ta zuba kuɗi a nan.

Mu ma na birni akwai namu. Ruwan majemu da masana'antun Sharaɗa da Challawa da ke gangarawa kogi, da haƙar yashin da ke cin gaɓa har gindin gadoji, duk suna tafiya gabas. Wanda ya sha a Ringim bai san abin da aka zuba a Kano ba.

Kawuna ya tsufa yanzu, ba ya shiga ruwa. Amma duk shekara, in Agusta ta kama, sai ya sa jikansa ya kira ni. Bayan gaisuwa da tambayar yara, sai ya ce, "Ɗan nan, yaya ruwa a wajenku?" Ba damina yake tambaya ba. So yake ya san abin da ke tafe, ko su kwashe hatsi daga rumbun da ke gangare, ko su ƙara jinga a bayan gari. Ba shi da wanda zai tambaya sai ni. Sai in hau babur in je Tamburawa, in tsaya a kan gada, in duba inda ruwa ya kai a jikin ginshiƙi, in kira shi in faɗa masa.